Rabona a Gado

Ranar da aka raba gadon kaka a Kochi,
Ittup ya ɗauki gonar kwakwa,
Kuriyakos ya samu kwalekwale da taru biyu,
ni kuwa, auta, aka miƙo mini
wani ƙunshi a tsohon mayafi
mai ƙanshin kafur da masoro.
Matan yayyena suka sunkuyar da kai don tausayi.
Ban ce uffan ba.
Na karɓa da hannu biyu.

Kundin hotuna ne baƙi, gadon bayansa ya tsage,
an ɗinke shi da zaren taru.
Takardunsa sun yi launin shayin da ya kwana.

Ga Varkey, kakan babana, a bakin tashar jirgin ruwa,
ba takalmi, cikin kwat na aro
da hannunta ya haɗiye yatsunsa.
Baturen kamfani na kan kujera a tsakiya,
shi an tura shi gefe, jikin buhunan citta,
kamar shi ma awonsa za a yi.
Amma dubi idonsa.
Shekara ɗari yana kallon duk wanda ya buɗe shafin,
bai ƙifta ba.

Ga 'yan makarantar coci, layi uku,
kowa ya ƙame kamar an dasa shi,
sai yarinya guda da fuskarta ta zama hayaƙi.
Tresiya ce, kakata.
Mai hoto ya ce kada a motsa, dariya ta ci ƙarfinta.
Ni tsohuwa na sani, mai ƙarancin magana,
wadda teku ya karɓe wa miji bai dawo da ko hula ba.
Da ba don wannan hayaƙin ba
wa zai gaya mini ta taɓa yin ƙiriniya?

A shafi na tara akwai rami.
An bi wani mutum da reza, an fitar da shi tsaf,
sai hannunsa aka bari a kafaɗar kaka,
da agogo mai faɗin fuska.
Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce gara ce ta ci.
Garar da ta iya zagaye kunne!
Wani lokaci nakan kara idona a ramin,
in hango shafi na gaba,
inda ake bikin wasu.

Shekarar da ruwa ya shigo gida har ƙirji,
ta bar awarwaronta na zinariya a akwati,
ta ɗora wannan a ka, ta ratsa titi.
Har yau akwai tabon laima a ƙasan shafuka,
ya jiƙa ƙafafun matattu duka.

Damina a nan ba ta da kunya,
takan lasa komai.
Nakan jera ganyen darbejiya tsakanin shafuka,
in rana ta leƙo in shanya su a inuwa.
Ɗana Joppan ya ɗauke su duka a waya.
Na gode masa.
Sai dai waya ba ta da baya da za a juya
a ga rubutun fensir,
ko shatar babban yatsa mai kurkur.

Bara Ittup ya sayar da gonar,
an sare kwakwar, ana gina otal.
Jiya da daddare ya ƙwanƙwasa,
lemarsa na ɗiga, ya tsaya a ƙofa.
Ya ce: fuskar baba ta fara ɓace mini.

Na kawo ruwa da sabulu,
na jira ya wanke hannu, ya goge,
sannan na matso da fitila.
Muka buɗe daga farko.